Dawowa Bauchi Daga Ƙasar Waje: Bayan An Gama Sannu Da Zuwa

Makon farko na wanda ya dawo Bauchi bayan shekaru a ƙasar waje, mako ne na gata. Gida cike yake da 'yan sannu da zuwa, wannan goggo ta aiko da masa da miyar taushe, wancan kawu ya aiko da rago, yara suna ta leƙe suna jiran tsaraba. Ana gama "ya hanya?" sai tambayar da kowa ke son jin amsarta ta biyo baya: "An dawo ke nan, ko ziyara ce?" Idan amsar ita ce an dawo ke nan, to aikin gaske yana farawa ne ranar da ƙafa ta ɗauke, kowa ya koma harkar gabansa.

Masu dawowar iri-iri ne. Akwai ɗaliban da suka yi karatu a Masar, Malesiya, Indiya ko Ingila. Akwai malaman Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka tura ƙaro ilimi. Akwai waɗanda suka yi shekaru suna neman kuɗi a Saudiyya ko Dubai. Akwai kuma waɗanda ba su shirya ba, kamar ɗaliban da yaƙin Sudan ya koro a watan Afrilun 2023, da matasan da aka kwaso daga Libiya. Aljihunsu ba ɗaya ba ne, amma abin da ke jiransu kusan ɗaya ne. A inda suka fito, galibi tsari ne ke yi wa mutum aiki: ka cika fom, ka biya, a yi maka. A Bauchi kuwa mutane ne ke yi wa mutum aiki. Wanda ya gane haka da wuri, shi ne zamansa ke yin sauƙi.

Garin bai jira kowa ba

Bauchin da Malam Yakubu ya kafa a wajajen 1809 gari ne na cikin ganuwa, mai ƙofofi irin su Wunti, Ran, Wambai da Nassarawa. Tun da ta zama babban birnin jiha a 1976 take faɗaɗa. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Bauchi tana da mutum kusan rabin miliyan, kuma daga lokacin zuwa yau jama'a sun ƙaru ƙwarai. Rikice-rikicen Jos sun sa iyalai da yawa sun tare a nan, haka ma rikicin Boko Haram ya kawo mutanen Borno da Yobe. Wanda ya bar Miri a hanyar Jos, ko Inkil a hanyar Gombe, ko Tirwun a hanyar Maiduguri suna bayan gari, zai dawo ya tarar gine-gine sun haɗe su da birni. Gwallameji da Yelwa a hanyar Dass sun cika da ɗakunan hayar ɗalibai.

Wannan yana nufin sanin garin da mutum ya tafi da shi ya tsufa. Kafin ka kama haya, kada fenti da tayil su ruɗe ka. Tambayi maƙwabta abu huɗu. Ruwan famfo na madatsar Gubi yana zuwa unguwar, ko da rijiyar burtsatse da 'yan ga-ruwa aka dogara? Awa nawa ake samun wuta, kuma idan tiransifoma ta lalace wa ke gyarawa, kamfanin wutar lantarki na JED ko karo-karon mazauna layi? Gidan yana da mita ko kuɗin ƙiyasi ake kawowa? Sannan yaya layin yake a watan Agusta, lokacin da ruwa ke sauka kamar da bakin ƙwarya? Dillali ba zai faɗa maka waɗannan ba, mai shagon bakin layi ne zai faɗa maka. A tuna kuma kuɗin haya a nan na shekara guda ake biya a dunƙule, ga ladan dillali a kai.

Lissafin aljihu

Wanda ya tafi kafin 2023 dole ya goge farashin da ke kansa. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Litar man da ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Kuɗin Keke Napep, mudun shinkafa a kasuwar Muda Lawal, kuɗin makarantar yara, duk sun bi sahu.

A nan ne tarkon yake. Mai dawowa da 'yan daloli yana canza su sai ya ga miliyoyi, ya ɗauka ya yi arziki. Yana shiga kasuwar Wunti yana lissafa komai da kuɗin can, sai ya ga kamar kyauta ake ba shi, bai ma tsaya tayi ba. Ya manta cewa daga yanzu naira zai riƙa samu, kuma abin da ya kawo ba ya haihuwa. Wata shida ba su cika ba sai asusu ya yi ƙasa. Hikima ita ce mutum ya ware abin da zai riƙe gidansa na shekara guda, ya yi kamar ba shi da sauran.

Sauran kuwa kada a yi gaggawar zuba shi. Da zarar an ji ka dawo, masu shawara za su yi sallama: gidan gona, kiwon kaji, gidan burodi, motar haya, fili mai araha "wanda gobe zai ninka". Wasu da zuciya ɗaya suke, wasu kuma aljihunka suke kallo. Sana'ar da ba ka zauna ka ga yadda take a rani da damina ba, ba a sa mata dukiyar shekara goma. Batun fili ya fi kowanne haɗari, domin ana sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku, ana kuma sayar da na gado ba da yardar duk magada ba. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar birni a hannun gwamna, don haka takardar ciniki da shaidu kaɗai ba ta isa ba. A je wajen mai unguwa a ji tarihin filin, a je ma'aikatar filaye ta jiha a duba ko takardun na gaske ne, a nemi lauya, kafin kwabo ya fita.

Takardu

Abin da za a fara da shi shi ne lambar ɗan ƙasa ta NIN, domin ba tare da ita ba layin waya ba zai yi aiki ba, fasfo ba zai sabuntu ba. Sai lambar BVN ta banki. Yanzu har mai nama da mai kayan miya suna karɓar tiransifa, masu POS kuma suna kowace kwana, amma a riƙe ɗan tsabar kuɗi saboda ranar da za a ce "babu netwok".

Wanda ya yi digiri a waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardunsa. Idan ya kammala kafin ya cika shekara 30, bautar ƙasa tana kansa kamar kowa, sansanin horon jihar nan kuma yana Wailo a ƙaramar hukumar Ganjuwa. Likitan da ya yi karatu a waje ba zai taɓa majinyaci ba sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa. Lauya kuma sai ya bi ta Makarantar Horar da Lauyoyi, har da wani zangon farko da ake yi wa waɗanda suka karanto doka a waje. Waɗannan matakai suna cin watanni, don haka mai hankali tun kafin ya hau jirgi yake tattara asalin takardunsa da kwafinsu.

Jiki ma baƙo ne

Mutane da yawa ba su san cewa juriyar da jikin ɗan ƙasar nan yake da ita ga zazzaɓin cizon sauro tana raguwa idan ya daɗe a inda babu cutar ba. Wanda a da maleriya ke kwantar da shi kwana biyu, yanzu tana iya kai shi gadon asibiti. Yaran da aka haifa a can kuwa ba su da wannan juriya ko kaɗan. A rataya gidan sauro tun daren farko, kuma duk zazzaɓin da ya taso a je a yi gwaji, kada a tsaya sayen magani a kemis da ka. A kula da ruwan sha. A shirya wa zafin Maris da Afrilu da kan kai maki 40, da ƙurar hunturun Disamba da Janairu mai tayar da asma. Mai hawan jini ko ciwon suga ya zo da takardun likitansa da maganin da zai kai shi wasu watanni, kafin ya sami likitan da zai riƙa gani a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko wani wuri.

Mutane, inda aikin yake

Duk abin da aka lissafa a sama mai sauƙi ne idan aka kwatanta da zama da jama'a. Wanda ya saba da rufe ƙofarsa, ba mai zuwa sai da alƙawari, zai tarar ana yi masa sallama da sassafe. Wanda ya saba taron ƙarfe goma yana farawa ƙarfe goma, zai yi zaman jira. Zai ga ana gaisuwar minti biyar kafin a faɗi abin da ya kawo mutum, sai ya ji kamar ɓata lokaci ne. Alhali wannan gaisuwar ita ce jarin garin. Maƙwabcin da ka tsaya kuka gaisa, ka je sunan ɗansa, ka bi gawar mahaifinsa, shi ne zai nuna maka makanike mai amana, ya gaya maka makarantar da ta dace da yaranka, ya buga maka waya da tsakar dare idan ya ji motsi a bayan katangarka. Da ɗan gari akan ci gari.

Saboda haka a fara da biyan bashin zumunci. A zagaya dattawan dangi tun kafin su aiko. A je ta'aziyyar waɗanda suka rasu ba ka nan, ko da shekara biyar ce ta wuce, domin ana lura da wanda ya je da wanda bai je ba. A gabatar da kai ga mai unguwa da limamin masallaci ko shugaban majami'a. A koya wa yara gaisuwa da rusunawa, da kiran kowa da sunan girmansa, Baba, Inna, Kawu, Yaya, ko da Hausarsu ba ta nuna ba. Matar da ta saba tafiyar da gidanta daga ita sai mijinta za ta tarar da surukai da dangin miji suna da ta cewa; wannan magana ce da ya kamata ma'aurata su zauna su daidaita tun kafin ta zama rigima.

Sai batun buƙatu. Jama'a sun ɗauka duk wanda ya fito waje da buhun kuɗi ya dawo. Kuɗin asibiti, kuɗin makaranta, gudummawar aure, jari. Idan ka ce za ka biya duka, za ka tsiyace. Idan ka hana duka, za a ce Turai ta cinye ka. Mafita ita ce ka yanke abin da za ka iya bayarwa kowane wata, ka fifita iyaye da marasa lafiya, sauran kuma ka ba su haƙuri da fuska a sake. Mutanenmu suna jure "babu" idan ta zo da mutunci, abin da ba sa yafewa shi ne wulaƙanci.

Akwai kuma kalma guda da ke kashe wa mai dawowa kasuwa a majalisa: "Ai a can ba haka ake ba." Sau ɗaya labari ne, sau goma gori ne. Waɗanda kake faɗa wa sun fi ka sanin ba a kawo wuta ba, su suka kwana cikin zafin.

Me za a yi da abin da aka gano?

Wannan ba ya nufin mutum ya binne abin da ya koyo. Tarihin garin nan ma ya nuna akasin haka. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi aka tura shi Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945. Da ya dawo a 1946 ya koma aikin ilimi, aka zaɓe shi Majalisar Arewa, a 1950 kuma ya miƙe a zaurenta ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, a lokacin da irin wannan magana ke buƙatar ƙarfin hali. Malam Aminu Kano, wanda shi ma ya koyar a makarantar, ya tafi Landan a 1946, ya dawo ya tsaya aka kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948. Hanyoyinsu na siyasa sun bambanta, amma dukansu sun mayar da abin da suka gani aiki a cikin jama'arsu, da harshen da jama'ar ke ji.

Mai dawowa na yau ma yana da inda zai sa hannu. Idan ka ga cika alƙawari a can ya burge ka, ka zama mai cika shi a shagonka ko ofishinka. Idan tsafta ce, ka fara da kwatar ƙofar gidanka, ka jawo matasan layi. Idan malami ne kai, ka shiga aji a kan lokaci, ka duba aikin ɗalibai da kanka. Mutane suna saurin kwaikwayon abin da suka ga yana amfani.

Mu na gida kuma akwai namu nauyin. Ba kowa ne ya dawo da mota da akwatuna ba. Wani yaƙi ne ya katse masa karatu, wani korar sa aka yi, wata ta yi shekaru tana aikatau an hana ta haƙƙinta. Irin waɗannan sukan ɓuya a ɗaki saboda kunyar tambayar "me ka kawo?", har damuwa ta yi musu illa. A daina yi musu ba'a da kwatanta su da ɗan wane. Wanda ke da shago ya ja su jiki, wanda ya san hanyar tantance takardu ya raka su, wanda ya ji labarin gurbin aiki ya sanar da su. Idan an ga shirun ɗayansu ya yi yawa, ba ya barci, ba ya cin abinci, a kai shi ya ga likita, kada a tsaya cewa zai ware da kansa.