Ko Ka Sani? Ƙofa Uku Sun Isa A Gyara Ƙaba Biyu

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci ya san cewa facin da aka manna daga cikin taya ya fi ƙarko, domin iskar da ke neman hanyar fita ita ce ke ƙara danne shi. Dabarar da likitoci ke bi ke nan wajen aikin ƙaba da na'urar da ake kira lafaroskop.

Ƙabar mara, wadda in ta gangara ƙasa mutane ke ce mata gwaiwa, rauni ce a bangon ciki inda hanji ko kitse ke samun kafar leƙowa. Maza ta fi kamawa nesa ba kusa ba, saboda tun suna cikin mahaifa 'ya'yan marainansu suka bi ta wannan wuri suka sauka, hanyar kuwa ba kullum take toshewa da kyau ba. Da yake hanyar biyu ce, dama da hagu, wani sai ta same shi duka gefen.

A da, tun daga ɗinkin da Edoardo Bassini ya fito da shi a Italiya a shekarun 1880, galibi mai ƙaba biyu yanka biyu zai sha. Daga farkon shekarun 1990 aka soma shiga ta ciki. Likita zai huda ƙofa uku, babbarsu kamar santimita 1 a wajen cibiya. Sai a hura iskar kabon-dayoksaid don wurin ya buɗe, a zura siririn bututu mai fitila da kyamara, hoto ya bayyana a allo. Ta sauran ƙofofin biyu ake sa dogayen almakashi da hantsaki.

Abin burgewar shi ne, daga cibiya kyamara na hango gefen biyu. In an janyo abin da ya leƙa, aka shimfiɗa raga mai kamar santimita 10 da 15 a bayan raunin dama, sai kawai a karkata kayan aiki zuwa hagu, ba tare da sabon yanka ba. Wani lokaci ma a nan ake gano ƙaba ta biyu da mai ita bai san da zamanta ba. Salon biyu ne: TAPP na ratsawa ta kogon ciki, TEP kuwa na bin tsakanin tsoka da tantanin da ya lulluɓe hanji.

Galibi zafin bayan aiki ya fi sauƙi, mutum ya koma sana'arsa da wuri. Sai dai ba banza ba. Akasari dole a sa majiyyaci barci gaba ɗaya, alhali yankan gargajiya ana iya yin sa da allurar kashe zafi a wurin kawai. Kayan na da tsada, suna son wutar da ba ta ɗaukewa, hannun likita kuma ba ya faɗawa sai bayan ayyuka masu yawa. Gwaiwar da aka ɓoye shekaru saboda kunya har ta yi girma sosai, sau da yawa yanka ake komawa a yi mata.