Leƙa Hanji da Kyamara: Rabin Aikin a Gida Ake Yin Sa

Idan likita ya ce wa mutum za a yi masa kolonoskofi, wato a zura bututu mai kyamara ta dubura a duba cikin babban hanjinsa, hankalinsa kan tafi ne ga bututun da kuma kunyar kwanciya a gaban baƙin ido. Tsoron ya sauka a inda bai kamata ba. Bututun bai fi kaurin yatsa ba, zaman yakan ɗauki minti 30 zuwa 45, kuma galibi ana yin allurar da ke kashe jiki, har wasu su farka ba su san an gama ba. Abin da ke sa gwajin ya yi amfani ko ya tashi a tutar babu shi ne yadda majiyyaci ya wanke cikinsa a gida kafin ranar.

Dalilin yana cikin abin da likita ke nema. Yawancin sankarar babban hanji tana farawa ne da ɗan tsiro a bangon hanji, wani bai kai ƙwayar wake ba, kuma yakan shafe kimanin shekara 10 kafin ya rikiɗe. Idan likita ya gan shi, nan take yake zarge shi da siririyar waya ya cire, an kashe maganar ke nan tun ba ta zama ciwo ba. To amma hanjin ya kai mita ɗaya da rabi, ga lungu ga lanƙwasa, kuma kyamara ba ta gani ta cikin ƙazanta. Ɗan ragowar bayan gida ya isa ya lulluɓe tsiron, a sallami mutum yana murna alhali abin na nan. Kusan ɗaya cikin huɗu na masu zuwa gwajin ba sa wanke ciki yadda ake so, sai a ce su dawo, su sake shan magani, su sake biyan kuɗi. Cutar kuwa ba ta wasa ba ce: alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun nuna ta kama mutum sama da miliyan 1.9, ta kashe fiye da 900,000.

Shirin yana farawa da kwanon abinci. Kwana biyu zuwa uku kafin ranar, a ajiye wake, gyaɗa, riɗi, zogale, dambu, kuɓewa, gwaiba da duk mai ɓawo ko 'ya'ya, saboda suna maƙalewa. A koma farar shinkafa, farin burodi, ƙwai, kifi ko kaza. Ranar jajibere kuma sai ruwa-ruwan da ake hango gindin kofi ta cikinsa: ruwa, shayi ba madara, romon da aka tace. Kunu da fura ba sa cikin lissafi ko da an tsinka su. Zoɓo ma haka, domin jan launinsa na rina hanji ya yi kama da jini. Mai shan maganin ƙarin jini yakan dakata kamar mako guda, saboda yana baƙanta bayan gida ya sa shi danƙo. Mai ciwon suga, mai ciwon ƙoda ko zuciya, da mai shan maganin tsinka jini, kada ya yanke wa kansa hukunci. Ya kai wa likita kwalayen magungunansa gaba ɗaya.

Sai maganin wankin cikin kansa, lita 2 zuwa 4 gwargwadon irin wanda aka rubuta. Ba shi da daɗi, kada wani ya ruɗe ka, akwai gishiri-gishiri da ɗan yauƙi. Idan ya yi sanyi ya fi shiga, a riƙa kurɓar kofi guda duk bayan minti 10 zuwa 15, a zauna kusa da banɗaki, a shafa man Vaseline tun kafin wurin ya fara raɗaɗi. Yanzu likitoci sun fi so a raba shi biyu, rabi da yamma, rabi da asubar ranar gwaji. A nan mutane da yawa ke zamewa. Mutum ya kwana yana zarya, ya ga ruwa kawai ke fita, sai ya ce ai cikina ya wanku, ya bar na safen. Bai san cikin dare ƙaramin hanji ya ci gaba da turo ruwan ɗaci da majina zuwa ɓangaren dama na babban hanji ba, inda tsiro mai kwanciya, mai wuyar gani, ya fi ɓoyewa. Alamar an gama ita ce abin da ke fita ya zama ruwa garai mai launin fitsari. Jiƙon masu maganin gargajiya ba ya maye gurbin maganin wankin cikin.

Wani zai ce wahalar ta yi yawa, ga kunya. Gaskiya ne akwai yunwa da rashin barci na dare guda. Kunyar kuwa, ana rufe jiki, gefen hagu ake kwanciya, kuma mace na da damar neman a sa mata ma'aikaciya a ɗakin. Larura ce ta neman lafiya. Haɗari ma akwai, sai dai kaɗan: hujewar hanji ba ta kai mutum ɗaya cikin dubu ba a gwajin da aka yi don bincike kawai. Kumburin ciki da yawan tusa bayan an gama ba komai ba ne, iskar da aka hura ce ke fita. Ciwon ciki mai tsanani, zazzaɓi ko zubar jini mai yawa su ne ke mayar da mutum asibiti ba jira.

Akwai kuma ƙorafin da ya fi wannan nauyi. A 2022 wani babban bincike a Poland, Norway da Sweden, kan mutum sama da 84,000, ya nuna gayyatar jama'a gwajin ta rage kamuwa da kashi 18 cikin ɗari kawai, abin da ya sanyaya gwiwar wasu. Sai dai kashi 42 ne kacal na waɗanda aka gayyata suka je. A cikin waɗanda suka je ɗin, an ƙiyasta mace-macen da cutar ke jawowa sun ragu da kusan rabi. Ashe na'urar ba ta yi wa wanda ya zauna a gida aiki. Tsada kuma gaskiya ce a ƙasashenmu, kuma ga mai lafiya garau akwai gwajin bayan gida mai sauƙin kuɗi da ke gano jinin da ido ba ya gani. Amma mai ganin jini, mai rama ba dalili, ko wanda bayan gidansa ya canza na makonni, leƙawar yake bukata. A nan ne kalmar "basir" ke cin mutanenmu, a yi wata da watanni ana shan jiƙon tasha. Kuma ba ta tsofaffi kaɗai ba ce: a Amurka an sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45 a 2021, kuma ɗan wasan fim Chadwick Boseman yana da shekara 43 cutar ta kashe shi a 2020.

Ranar gwaji ka tafi da ɗan rakiya, domin bayan allurar ba a tuƙi sai an yi awa 24. Kafin ka bar asibiti ka tambayi likita abu biyu: shin cikin ya wanku sosai, kuma kyamarar ta kai ƙarshen hanjin? Idan an cire tsiro, ka koma ka karɓi sakamakonsa, domin shi zai faɗi yaushe za ka dawo.