Haruffa masu ƙugiya da aikin sake gina manhajoji

Kwamfuta ba ta ajiye harafi, lamba take ajiyewa. Duk abin da aka rubuta a cikinta, suna ne ko rasit ko takardar kwastan, jerin lambobi ne, kuma akwai yarjejeniyar da ke faɗin wace lamba ce ke tsaye a madadin wane harafi. Tsohuwar yarjejeniyar da ta fi shahara ita ce ASCII, wadda aka fitar a Amurka a 1963. Gurabe 128 kacal gare ta, sun ishi Ingilishi, ba su ishi yawancin sauran harsuna ba. Daga baya aka faɗaɗa zuwa gurabe 256, iyakar abin da bayit ɗaya ke iya ɗauka, bayit kuwa wani ƙaramin ma'aunin ajiya ne a kwamfuta. A tsarin da aka yi wa Yammacin Turai a 1987, Faransanci ya samu wurin yawancin haruffansa masu alama a ka. Hausa ba ta samu komai ba. Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, duk a waje suka tsaya.

A gari irin Kamba, hedikwatar ƙaramar hukumar Dandi a jihar Kebbi, wannan ba zancen masana ba ne kaɗai. Hanya ta miƙe daga nan zuwa Gaya a Jamhuriyar Nijar, daga Gaya kuma ƙetaren kogin Kwara sai Malanville a Jamhuriyar Benin. Ta kudu akwai ƙasar Bagudo, da Illo da Lolo da Tsamiya, duk a bakin iyakar Benin. Kwamfuta guda a shagon buga takardu tana iya karɓar Ingilishi da safe, Faransanci da hantsi, Larabci da azahar. Hausar kanta iri biyu ake rubuta ta: a Najeriya ana sa alamar ɗauri kafin y, wato 'y, a Nijar kuma ana amfani da y mai ƙugiya. Ga Fulfulde da nata haruffa, ga Zabarmanci da Dandanci da nasu, ga alamar naira da ba ta cikin waɗancan tsofaffin gurabe 256. Babu tsarin bayit ɗaya da zai ɗauke wannan kaya duka.

Maganin da duniya ta tsaya a kai shi ne Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafi na kowane rubutu lambarsa shi kaɗai. Haruffan Hausa suna ciki tun farkon shekarun 1990. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar zuba waɗannan lambobi a cikin bayit: harafin Ingilishi yana cin bayit ɗaya kamar da, ƙ da ɗ da ɓ suna cin biyu-biyu, alamar naira uku, rubutun Adlam na Fulfulde da ya shiga a 2016 kuma huɗu. Mai wayar hannu ya san ɗanɗanon wannan bambanci ko da bai san dalilinsa ba. Saƙon tes guda yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa ƙ ɗaya a ciki, wayar na komawa wani tsarin, iyakar ta sauko zuwa 70. Shi ya sa mutane da yawa suka saba da jefar da ƙugiya.

To, tunda lambobin sun wanzu fiye da shekara talatin, me ya sa har yanzu suna kamar Ɗanjuma ke fitowa da alamar tambaya a wasu takardu? Babban ɓangare na amsar yana cikin yadda ake gina manhaja.

Ba kowace manhaja ke rubuta wa kanta yadda za ta ƙirga haruffa, ko ta jera sunaye, ko ta zana rubutu a fuskar kwamfuta ba. Waɗannan ayyuka an tattara su a wasu fayiloli da ake kira laburare, kuma idan manhajoji da yawa na ɗiba daga kwafi ɗaya, ana ce masa laburaren tarayya. A Windows sunayensu na ƙarewa da DLL, a Linux kuma da so. Amfaninsu a fili yake: a gyara kuskure a wuri ɗaya, kowa ya amfana. Sai dai akwai sharaɗi. Mutum yana rubuta manhaja da yaren da ɗan Adam ke iya karantawa, wanda ake kira rubutun asali, sannan wata manhajar ta juya shi zuwa yaren na'ura. Wannan juyawar ita ce gini. A lokacin ginin ne ake dasa wasu ƙididdiga a jikin manhajar: girman gurbin da harafi ɗaya zai zauna, sunan kowane aiki da za a nema daga laburaren, da tsarin jera bayanan da za a miƙa masa. Da an gama gini, waɗannan sun daskare.

Lamarin kamar buhunan da aka ɗinka ne bisa tsohuwar tiya. Idan kasuwa ta sauya ma'auni zuwa babbar tiya, mai awo zai ci gaba da zuba adadin da ya saba, buhun kuma ba zai ɗauka ba, sai a warware a sake ɗinki. Haka manhajar da aka gina tana zaton harafi bayit ɗaya ne take ware wuri gwargwadon hakan. Idan sabon laburare ya dawo mata da harafi mai faɗi, zai rubuta a wurin da ba nasa ba. Wani lokaci manhajar ta mutu nan take, wannan ma shi ne mai sauƙi. Mafi muni shi ne ta ci gaba da aiki tana lalata bayanai ba wanda ya lura.

Misalin da masu Linux suka fi sani shi ne ncurses, laburaren da ke zana rubutu da akwatuna a baƙin allon umarni, wanda Thomas Dickey ke kula da shi. Ana iya gina shi iri biyu: mai harafin bayit ɗaya, da mai faffaɗan harafi. Da yake biyun ba sa musanya, sai aka ƙara wa na biyun harafin w a ƙarshen suna. Manhajar rubutu kamar nano, idan an ɗaura ta a kan na farko, ba ta nuna ƙ daidai ko da na biyun yana zaune a kan kwamfutar. Dole a sake gina ta a kan mai w. A watan Agustan 2015 da ncurses ta shida ta fito, lambar da ke jikin sunan fayil ɗin ta tashi daga 5 zuwa 6, kuma duk manhajar da ke neman na 5 ta ƙi tashi a inda aka cire shi. Da gangan aka yi hakan. Lambar alama ce cewa yarjejeniya ta canja, gara manhaja ta ƙi buɗewa da ta buɗe ta yi ɓarna.

Laburaren ICU ya fi wannan tsanani. Kamfanin IBM ne ya sake shi ga kowa a 1999, yanzu kuma yana hannun ƙungiyar Unicode. Shi ne ke sanar da manhajoji da yawa cewa babban harafin ƙ shi ne Ƙ, da cewa a jerin Hausa ɗ tana bin d ne, ba can bayan z take ba. Kowace babbar fitowarsa tana zuwa da sabuwar lamba, har a jikin sunayen ayyukan da ke cikinsa, saboda haka duk abin da ke dogara da shi, irin su manhajar ofis ta LibreOffice, sai an sake gina shi. Yaren rubuta manhaja na Python, fitowa ta biyu, shi ma ya sha irin wannan: ana gina shi ko dai da gurbin bayit biyu ko na bayit huɗu, kuma ƙarin manhajar da aka gina wa ɗaya ba ta loduwa a ɗayan. Sai a 2012, da Python 3.3, aka kawar da wannan rabuwa.

Aikin sake ginin yana da tsari, kuma gaggawa ce ke ɓata shi. Ana farawa da gano duk ƙunshin manhaja da ke jingine da laburaren. A Linux umarnin ldd yana nuna laburaren da kowace manhaja ke nema. Masu Linux samfurin Gentoo, da yake a kan kwamfutarsu suke gina komai, suna da revdep-rebuild, wanda ke bin manhajoji ɗaya bayan ɗaya yana nemo waɗanda igiyarsu ta tsinke. A samfurin Debian kuma wata tawaga ce ke tsara sauyin, ta ba da umarnin a sake gina ƙunsoshin a kan injinan aikin ba tare da an taɓa rubutun asalinsu ba, kuma ba a tura su ga jama'a sai rukunin ya kammala. Ana gini daga ƙasa zuwa sama: laburaren da kansa, sai sauran laburaren da ke kansa, sannan manhajojin da mutane ke buɗewa. Dalili kuwa, idan aka tsallake na tsakiya, manhaja ɗaya za ta jawo tsohon kwafi da sabo a lokaci guda, su yi karo a cikinta. Irin wannan matsala tana da wuyar ganowa, domin kowane ɓangare shi kaɗai lafiyarsa ƙalau.

Ba a goge tsohon laburare sai na ƙarshe ya ƙaura. Wannan doka ta fi nauyi a inda wuta ke ɗaukewa ko data ke yankewa a tsakiyar aiki, domin kwamfutar da aka bari rabi sabuwa rabi tsohuwa tana iya rasa har manhajar da za a gyara ta da ita. Akwai kuma wata dabara da ake yawan gani, ta ƙirƙirar fayil mai tsohon suna da ke nuni ga sabon laburare don manhaja ta yarda ta tashi. Tana tashi kuwa. Amma an cire gargaɗin ne kawai, rashin jituwar na nan. Bayan an gama, sai an rufe duk manhajar da ke aiki an sake buɗe ta, saboda tsohon kwafin yana nan a cikin ƙwaƙwalwar na'urar har sai an yi hakan.

Sake gini kuma ba ya gyara abin da marubucin manhaja ya yi zato ba daidai ba. Idan ya rubuta cewa a yanke suna a bayit na ashirin, yankan na iya faɗawa a tsakiyar ƙ, ya bar rabin harafi. Idan ya ƙirga bayit a matsayin harafi, layukan rasit za su karkace. Wannan sai an koma rubutun asali. Alamun da ke fitowa ma kowanne da inda yake nuni. Ɗan akwati fanko yana nufin lambar ta iso lafiya, salon rubutun da ke kan na'urar ne ba shi da zanen harafin. Tarkacen haruffa biyu a wurin ɗaya, kamar A da E a manne tare da alamar TM a wurin ƙ, yana nufin an karanta UTF-8 da tsohon tsarin Windows, kuma ana iya dawo da shi. Alamar tambaya ita ce babbar asara, domin galibi harafin ya riga ya salwanta tun lokacin ajiya.

Bayanan da aka riga aka tara su ma suna da nasu aikin. A watan Agustan 2018 laburaren glibc, wanda kusan komai a Linux ke tsaye a kansa, ya fito da sabon tsarin jera haruffa a fitowarsa ta 2.28. Manhajoji ba su mutu ba, amma rumbunan bayanai na PostgreSQL da suka gina fihirisarsu bisa tsohon jeri sun shiga haɗari: a nemi sunan da ke ciki a ce babu, ko a shigar da abu sau biyu a inda aka hana maimaici. Maganin shi ne sake gina fihirisar gaba ɗaya. Asibiti ko makaranta ko ofishin da ke riƙe da rajistar sunaye yana iya ɗaukar watanni bai san hakan ta faru ba. A rumbunan bayanai na MySQL kuma, tsarin da aka daɗe ana kira utf8 bayit uku ne iyakarsa, yana ɗaukar ƙ da alamar naira amma ba ya ɗaukar Adlam, sai an juya rumbun zuwa utf8mb4 da aka kawo a 2010.

Ƙasar Hausa tana da nata tarin tsofaffin fayiloli. A shekarun 1990, kafin Unicode ya zama ruwan dare, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙirƙiro salon rubutu masu ɗauke da haruffa masu ƙugiya, waɗanda marubuta da maɗaba'u suka yi aiki da su sosai. Hikimar irin waɗannan salo na wancan zamani ita ce a ari gurbin wata alama da ba a cika buƙata ba a zana harafin Hausa a kai. A takarda komai daidai yake fitowa. A cikin fayil kuwa lambar alamar aro ce ke ajiye, don haka idan aka buɗe shi a kwamfutar da ba ta da salon, ƙugiyoyin sai su koma wasu alamomi. Babu sabunta laburaren da zai warware wannan. Sai an bi rubutun an musanya kowace lambar aro da ta Unicode.

Duk wannan bayani ya rataya ne a kan abu guda, wato samun rubutun asali. Manhajar da aka saya a rufe, ko wadda wani ya rubuta wa ofis ya tafi da asalinta, ba mai iya sake gina ta sai shi. Haka ƙananan na'urorin buga rasit da yawa: tsarin haruffansu a jikinsu yake, na bayit ɗaya, mai shago ba shi da yadda zai yi. Saboda haka duk hukuma ko makaranta ko ɗan kasuwar da zai ba da kwangilar manhaja a Kamba ko Bagudo ya kamata ya sa a cikin yarjejeniya cewa za a miƙa masa rubutun asali tare da bayanin yadda ake gina shi. Kafin ya biya kuma, a shigar da suna mai ƙ da ɗ da ƴ, da suna na Faransanci mai alama a ka, da kuɗi mai alamar naira, a adana, a nemo, a jera, a buga a takarda a gabansa.