JD1: Gungun taurarin da haskensa ya shekara biliyan 13 a hanya

In ka taɓa kwana a Kurfi, ko gefen dam ɗin Zobe a Dutsin-Ma, a daren da babu wata kuma babu wuta, ka san yadda sama ke cika da taurari. To, duk ɗaiɗaikun taurarin nan da idonka ke gani, har Kaza da 'ya'yanta, 'yan gida ɗaya ne, wato galaksinmu. A watan Nuwamba bayan isha'i, juya ka fuskanci kudu. Can akwai wani galaksi mai suna JD1. Kar ma ka wahalar da idonka, ba za ka gan shi ba.

Na'urar hangen nesa ta Hubble ce ta fara hango shi, aka ba da rahoto a 2014, amma nisansa bai tabbata ba sai 2023, da Guido Roberts-Borsani da abokan aikinsa suka auna shi da na'urar James Webb. Haskensa ya yi kusan shekara biliyan 13.3 yana tafiya kafin ya iso mu. A hanya, faɗaɗar sararin samaniya ta miƙar da hasken kusan ninki 11, ya koma infrared, wanda idon mutum ba ya gani. Daga wannan miƙewar aka lissafa nisan.

Da Webb kaɗai ce, da wuya. Tsakaninmu da JD1 akwai tarin galaksi mai suna Abell 2744, nauyinsa ya lanƙwasa hasken da ke wucewa kamar gilashin tabarau, ya ƙara masa ƙarfi kusan sau 13. Har ma ya sa JD1 ya fito a wuri uku a hoto ɗaya.

Me ya sa ake ta wahala a kan ɗan ɗigon haske? Tuna hazon hunturu, ranar da mota ke kunna fitila da rana tsaka a hanyar Katsina. A farkon zamani haka sararin yake, cike da hazon iskar haidurojin da ke shanye haske mai ƙarfi. Wani abu ne ya kore hazon nan, kuma ana ta muhawara a kan ko mene ne. Manyan galaksi masu ƙyalli sun fi sauƙin gani, amma fa 'yan kaɗan ne. Ƙanana masu dishi-dishi irin JD1 su ne masu yawa, shi ya sa masana da dama ke ganin taurarinsu ne suka yi aikin. Ni ma can na karkata, sai dai galaksi ɗaya ba ya yanke hukunci. Sai an auna irinsa da yawa.