Manufofin Koyar da Tarihi da Adabi da Harsunan Waje a Makarantun Sakandare

1.0 Gabatarwa

Kowane darasi da aka sanya a manhajar makaranta yana da manufar da ake so ya cim ma. Tsarin Manufofin Ilimi na Ƙasa, wanda Nijeriya ta fitar a 1977 aka kuma yi masa gyare-gyare a 1981 da 1998 da 2004, ya ɗora wa makarantar sakandare manyan ayyuka biyu: shirya ɗalibi ya zama mai amfani a cikin al'ummarsa, da kuma shirya shi domin ilimi mai zurfi. Darussan kimiyya da na sana'a suna ba ɗalibi hanyar neman abinci. Su kuwa tarihi da adabi da harsunan waje, aikinsu shi ne gina tunaninsa, ya san asalinsa, ya iya auna magana, ya kuma iya zama da wanda ba nasa ba.

2.0 Tarihi

Manufar farko ta koyar da tarihi ita ce ɗalibi ya fahimci yadda al'ummarsa ta zo inda take a yau. Sanin cewa an fara jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1804, Turawa sun ci Sakkwato a 1903, an haɗe Arewa da Kudu a 1914, bai wadatar ba. Abin da ake bukata shi ne ɗalibi ya gano dalilan da suka haddasa waɗannan al'amura da irin sauyin da suka kawo ga sarauta da shari'a da kasuwanci.

Manufa ta biyu ita ce koyon tantance hujja. Idan malami ya gabatar da labarin Bayajida, ya kamata ya bar ɗalibai su yi tambaya: wa ya adana labarin, kuma wace bukata yake biya wa masu ba da shi? Ɗalibin da ya saba da wannan ba zai riƙa karɓar kowace jita-jita da ta zo masa ta wayar hannu ba.

A ƙarshen shekarun 2000 an cire tarihi daga manhajar ilimin bai-ɗaya, aka cusa wani ɓangarensa cikin darasin zamantakewa. Masana sun yi ta koken cewa ana yaye yaran da ba su san komai ba game da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, har gwamnatin tarayya ta ba da umarnin mayar da darasin a 2019.

3.0 Adabi

Adabi madubi ne da al'umma ke duba rayuwarta a ciki. Ana koyar da shi, na baka da rubutacce, domin ɗalibi ya ƙware a harshe, ya san al'adunsa, ya kuma ji abin da wani yake ji. Littattafan da gasar 1933 ta samar sun isa misali. A cikin *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗalibi yana ganin yadda cinikin bayi ya raba uwa da ɗanta, abin da littafin tarihi zai taƙaita a sakin layi guda. A *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam kuwa, zai ga yadda ake sarrafa raha da ƙirƙira a zube. Nazarin jigo da salo da zubi da tsari yana koya wa ɗalibi ya faɗi ra'ayinsa tare da kafa hujja daga matani.

4.0 Harsunan Waje

Ƙasashe huɗu da suka yi iyaka da Nijeriya ta tudu, wato Nijar da Benin da Chadi da Kamaru, duk suna amfani da Faransanci a harkokin gwamnati. Wannan ne ya sa a 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ayyana shi a matsayin harshen hukuma na biyu. Larabci kuma ya daɗe yana zaman harshen ilimi a ƙasar Hausa da Barno, kuma da shi aka rubuta yawancin tarihinmu na kafin zuwan Turawa. An kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry da na Larabci a Ngala domin horar da ɗaliban waɗannan harsuna. Manufar ita ce ɗalibi ya iya ji da magana da karatu da rubutu, har ya yi ciniki ko ya nemi ilimi a wajen ƙasarsa.

5.0 Kammalawa

Babbar barazana ga waɗannan manufofi ita ce koyarwa domin cin jarrabawa kawai. Malamin da ya mayar da tarihi haddar shekaru, adabi haddar sunayen taurari, Faransanci kuma haddar nahawu, zai iya yaye ɗalibai masu takardar shaida amma marasa tunani. Saboda haka wajibi ne malami ya fayyace manufar darasinsa tun kafin ya shiga aji, ya kuma auna ɗalibansa a kanta.

6.0 Tambayoyi

1. Bayyana manufofi biyu na koyar da tarihi tare da misalai.
2. Ta yaya littafin adabi zai taimaka wa malamin tarihi?
3. Kawo dalilan koyar da Faransanci da Larabci a Nijeriya.