Da Digiri Nawa Ajinmu Ya Fi Zafi?

Duk bazara mukan yi kukan cewa aji mai rufin kwano marar silin ya fi sauran zafi. Amma da digiri nawa, kuma da ƙarfe nawa? Idan muka kai koke ofishin shugaban makaranta, tambayar da zai yi mana ke nan, kuma "wallahi akwai zafi" ba ta isa amsa ba.

Na'urori biyu ne za su ba mu amsar. Ta farko ita ce sensa. Zafi ko danshin iska yana sauya yadda lantarki ke ratsa ta, sai a mayar da wannan sauyi lamba. Sensar DHT22, misali, tana auna zafi daga digiri 40 ƙasa da sifiri zuwa digiri 80 a ma'aunin Salsiyas, tana kuma auna danshi.

Ta biyu ita ce na'urar adana awo. Ita ke karɓar lambar daga sensa, ta haɗa ta da kwanan wata da lokaci, ta ajiye a katin memori. Ana iya haɗa ta da ƙaramin allon Arduino, da agogo, da batir. Idan muka saita ta ta ɗauki awo duk minti 10, za mu samu awo 144 a kwana ɗaya, 1,008 a mako. Babu ɗalibin da zai iya wannan da biro, balle cikin dare.

Sai dai inda aka ajiye sensa yana iya ɓata aikin. Idan rana ta buge ta, zafin jikinta za ta faɗa, ba na iska ba. Shi ya sa tashoshin yanayi ke sa ma'auninsu cikin farin akwati mai kafofin shan iska, tsakanin mita 1.25 da mita 2 daga ƙasa. Haka kuma, kafin mu raba sensa biyu zuwa aji biyu, mu ajiye su gefe da gefe na kwana ɗaya, mu ga ko bakinsu ya zo ɗaya.

Bayan mako guda sai mu zuba lambobin a kwamfuta mu zana giraf. A waje, sanyi ya fi yawa gab da fitowar rana, zafi kuma yakan kai ƙarshe bayan azahar. Giraf ɗin zai nuna ko haka abin yake a ajinmu. Da shi za mu nemi silin, ko dashen darbejiya a gefen yamma, ko a mayar da gwaji zuwa safiya.