Nima: Inda Zaɓen Fid da Gwani Ya Zama Zaɓen Gaske

Tun daga zaɓen 1996 kujerar majalisar dokokin Ghana ta Ayawaso ta Gabas, mazaɓar da ta haɗa Nima da Kanda, ba ta taɓa fita daga hannun jam'iyyar NDC ba. Farouk Braimah ya riƙe ta, Dokta Mustapha Ahmed ya karɓa a 2001, Naser Toure Mahama ya gaje shi a 2013. Haka abin yake a Maamobi tun da aka yanka mata Ayawaso ta Arewa a 2012. Saboda haka kowa a unguwa ya san cewa wanda ya samu tutar lema ta NDC ya riga ya samu kujera, kuma duk wata kokawa ta gaske a zaɓen fid da gwani ake yin ta, a gaban wakilan jam'iyya da yawansu bai wuce wajen dubu ɗaya ba, alhali masu rajistar zaɓe dubbai ne masu yawa.

Abin da ya faru a farkon 2026 ya fito da wannan a fili. Naser Toure Mahama ya rasu a watan Janairu, Allah ya jiƙansa, NDC kuma ta yi zaɓen fid da gwani a watan Fabrairu. Baba Jamal, tsohon ɗan majalisa mai wakiltar Akwatia kuma jakadan Ghana a Najeriya a lokacin, ya kayar da Hajiya Amina Adam, matar marigayin, da tazarar da ba ta kai ƙuri'a hamsin ba. Kafin a gama ƙidaya, hotunan akwatunan talabijin da aka ce an raba wa wakilai sun cika wayoyin mutane. Zargin sayen ƙuri'a ya taɓa 'yan takara fiye da ɗaya, amma Shugaba John Mahama ya kira jakadan nasa gida domin shi ne ke riƙe da muƙamin gwamnati. Jam'iyya ta bar shi a matsayin ɗan takararta, ya kuma ci zaɓen cike gurbi a watan Maris.

Riƙon da Nima ta yi wa jam'iyya ɗaya yana da asali. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, kuma Zango ne ya sha wuyar wannan kora. Akwai dattawa a Nima da har yau za su nuna maka gidan da aka sayar da arha a waɗannan kwanaki, su faɗa maka sunan dangin da suka tafi ba su dawo ba. Jam'iyyar NPP, abokiyar hamayyar NDC, ta fito daga tsatson Busia, kuma wannan tabo ya bi ta. Ta yi ƙoƙarin goge shi: a ƙarƙashinta Aliu Mahama ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 2001, Shugaba Nana Akufo-Addo, wanda gidansa ke Nima, ya kafa ma'aikatar Zango da asusun raya Zango a 2017, sannan ta tsayar da Mahamudu Bawumia takarar shugabanci a 2024. Duk da haka akwatunan Nima ba su juya ba.

Sababi na biyu shi ne tsarin wakilai kansa. A 2015 NDC ta buɗe zaɓen fid da gwani ga duk mai katin jam'iyya, amma bayan ta faɗi a 2016 ta koma ga shugabannin rassa, mutum tara a kowane reshe. Mutum dubu za a iya sanin gidan kowannensu, da sunan matarsa, da bashin da ake bin sa. Ɗan takara zai iya zagaya su duka cikin mako ɗaya. Ni ban ga laifin wakilin shi kaɗai ba. Shi ne ya shekara huɗu yana manna fosta, yana kwana a rumfar zaɓe, yana zuwa kowane suna da kowace jana'iza da sunan jam'iyya ba albashi, kuma ya san da zarar an rantsar da Onarabul lambar wayarsa za ta daina shiga. A wurinsa ranar fid da gwani ita ce kakarsa. Binciken da Westminster Foundation for Democracy da CDD-Ghana suka fitar a 2018 ya nuna cewa kuɗin neman kujerar majalisa ya ƙaru da kashi 59 cikin ɗari tsakanin 2012 da 2016, har ya kai kusan sidi 390,000. Wanda ya kashe irin wannan kuɗi zai shiga majalisa da tunanin mayar da uwar kuɗinsa.

Illar tana nan inda ido ke gani. Ka tsaya a kan gadar babbar kwatar da ta raba Nima da Maamobi bayan ruwan sama na watan Yuni, ka ga ledojin ruwa da baƙin ruwa suna taɓa bangon gidajen mutane. Ka je layin banɗakin haya da asuba. Ka zauna a majalisar samari da dare, inda ake dafa ataya a kan kurfoti, ka ji abin da ke bakinsu: aikin yi, biza, da samamen 'yan sanda da ke kwashe mai laifi da marar laifi, kamar yadda aka yi ta kuka bayan faɗan ƙungiyoyin daba na Janairu 2022. Akwai kuma wulaƙancin da mai suna irin namu ke haɗuwa da shi wurin neman fasfo ko katin ɗan ƙasa, a tambaye shi garin kakansa alhali a Nima aka yanke cibiyar ubansa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya yanke hukuncin zaɓen fid da gwani, domin masu wannan kuka ba su da ƙuri'a a cikinsa.

Nan ne maganar Antoni Janar, babban lauyan gwamnati mai ikon gurfanar da masu laifi, ta shigo. A Amurka jihohi 43 cikin 50 jama'a ne ke zaɓen babban lauyan jiha, kuma sai ya bi ta zaɓen fid da gwani ko taron jam'iyya, ya gaya wa mutanen kowane yanki abin da zai yi game da 'yan sanda da miyagun ƙwayoyi. Wannan tsari yana da nasa ciwon, tun da kuɗi na shiga cikinsa kamar yadda yake shiga namu, kuma ba na kira a kwaso shi. A Ghana sashe na 88 na tsarin mulkin 1992 ya sa Antoni Janar ya zama minista, shugaban ƙasa ke naɗa shi, kuma duk wata tuhumar laifi a ƙasar a ƙarƙashin ikonsa take. Godfred Yeboah Dame da ya riƙe kujerar a baya ɗan NPP ne, Dominic Ayine da ya karɓa a 2025 ɗan majalisar NDC ne. Ke nan mutumin da ya kamata ya gurfanar da mai sayen ƙuri'a a cikin jam'iyya mai mulki, shi ma ɗan wannan jam'iyya ne. An kafa ofishin mai gabatar da ƙara na musamman a 2017 don toshe wannan kafa, sai dai ikonsa aro ne daga Antoni Janar, kuma Martin Amidu, wanda ya fara riƙe shi, ya ajiye aiki a Nuwamba 2020 yana kukan katsalandan.

Mutanen Zango sun san nauyin ofishin Antoni Janar a jikinsu. A watan Yuli 2018 'yan sanda suka harbe samari bakwai, akasarinsu 'yan Asawase ta Kumasi, a yankin Manso-Nkwanta, aka ce 'yan fashi ne. Kwamitin da gwamnati ta kafa bai samu hujjar hakan ba, aka dakatar da 'yan sanda 21, aka biya iyalai diyya. Diyya tana share hawaye kaɗan, amma uwar da aka kashe wa ɗa shari'a take so, kuma shari'ar laifi ta teburin Antoni Janar take bi. Ɗan majalisa mai ƙarfin gwiwa zai iya tashi ya matsa wa wannan ofis lamba da tambaya. Wanda tikitinsa na gaba ke hannun manyan jam'iyya da wakilai dubu, da wuya ya yi hakan.

A ganina gyara mafi kusa shi ne komawa ga abin da NDC ta gwada a 2015, tare da rajista mai tsabta a hannun hukumar zaɓe, domin rajistar ce ta jawo ƙorafi a wancan karo. Sayen mutum dubu ashirin ya fi sayen dubu ɗaya wahala nesa ba kusa ba, kuma ɗan takarar da ke neman ƙuri'ar mai sayar da koko da ƙosai a bakin kasuwar Laraba dole ya yi maganar kwata da banɗaki. Sashe na 55 na tsarin mulki ya riga ya wajabta wa jam'iyyu bin tafarkin dimokuraɗiyya a cikin gidansu. Abin da ya rage shi ne majalisa ta fayyace a doka cewa sayen wakili laifi ne daidai da sayen mai zaɓe, ta kuma raba ikon tuhuma da kujerar minista.